Molon da Na Zaɓo a Ɗan Gulbi

Molon da na tashi da shi ba nawa ba ne, ba kuma na ubana ba ne. Na gidan ubangidanmu ne. Tun zamanin kakanni aka sassaƙa wa kakana shi, shi kuwa kakan nan nawa dogo ne, irin mutanen da sai sun duƙa suke shiga zaure. Ni ko ga ni nan, Allah bai ba ni tsawo ba, na gode masa a hakan. In na rungumi molon nan sai na miƙe hannun hagu kamar mai tsinkar magarya a reshen sama, kafin in kai ƙarshen waƙa ta biyu kafaɗata ta ɗauki wuta. Muryarsa kuma, Allah na tuba, ta tsoho ce mai mura. Na taɓa yi wa ubana ƙorafi, ya ce hannu ne ke bin molo, molo ba ya bin hannu, in rufe masa baki. Haka na yi ta kaɗa shi tun ba ni da gemu har na tara iyali.

Mu makaɗan gidan ne, gadonmu ke nan. Ubangidana babban dillalin raƙuma da shanu ne a Dakoro, a shekarun da annasara suka kafa bariki garin ya fara cika, Buzaye da Fulani na kwararowa kasuwa da bisashe. Mutum ne mai sakin hannu, ba zan yi masa ƙarya ba don ƙasa ta rufe shi. Hatsin da muke ci daga rumbunsa yake fitowa, rigar da nake zuwa idi da ita daga wuyansa take saukowa. Sai dai kyautarsa ba ta son duhu. In ya ba ka goro ɗaya yana so a ji labari a Maraɗi, aikina kuwa shi ne in sa a ji.

Wata shekara damina ta yi albarka, ɗan waken da na shuka a bayan gari ya yi abin da bai taɓa yi ba. Matata na ta zancen sabon zane da tukwane, ni ko abu ɗaya ke raina: molo daidai hannuna, wanda na zaɓa da kunnena, na biya da gumina. Na je na durƙusa gaban ubangidana na nemi izinin tafiya.

"Na gadon ya yi maka kaɗan ne?" in ji shi.

"Yawa ya yi mini, ranka shi daɗe."

Dillalan da ke zaune suka fashe da dariya, shi ma ya dara, ya ce in tafi Allah ya kiyaye hanya. Bai sa hannu aljihu ba, ni ma ban so ya sa ba. A lokacin ina ganin abin da mutum ya saya da wakensa nasa ne.

Ban fara da nisa ba. A kasuwarmu akwai wani masassaƙi da ke baza akusa da turame da muciya, a gefe ya jingine molo biyu ko uku. Na ɗauki ɗaya na taɓa. Kai! Akushi ne aka yi wa wuya. Na ce masa in ya cire tsirkiyar zan saya wa matata ta riƙa zuba tuwo. Ya ce in bar masa rumfa tun muna ganin mutuncin juna.

Ranar kasuwar Sabon Maci na hau jakina na tafi, don an ce akwai mai yin molo a can wanda har daga Tasawa ake zuwa wajensa. Rumfarsa kuwa ta cika ido. Ga molaye nan rataye reras, an yi musu ado da jar fata da tuntaye, wani har da ɗan madubi a ƙirji. Mutumin ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka damo fura, ya kira ni sarkin makaɗan arewa tun bai ji na kaɗa komai ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka taɓa sai ya amsa a daƙushe, kamar mai magana da tuwo a baki. Fatar ce. Jemammiya ya sa don ta sha rini ta yi kyau, jemammiyar fata kuwa taushi gare ta, ta takalmi ce da jaka. Na gaya masa. Ya ce ai in an soka ceba a kan wuyan, ƙarar ƙarfen za ta rufe komai. Wato in sayi molo, in kuma sayi abin da zai hana a ji shi! Na sha furarsa har ƙasan ƙwarya, na tashi ban sayi komai ba, kunya kamar ta kashe ni. Ina kwance jakina ina jin sa yana gaya wa maƙwabcinsa wai gajeren nan ba molo ya zo nema ba, fura ya zo sha.

A Adjekoria wahalar banza na sha. Wanda aka kwatanta mini ya tafi cin rani, matarsa ta fito mini da guda ɗaya da ya bari, ɓera ya riga ni zaɓensa. A bakin rijiyar garin ne wani Bafillatani da ke shayar da shanu ya ga ina ta tsaki ni kaɗai, ya tambaye ni abin da ya same ni. Ya ce in dai molo ne, in nufi Ɗan Gulbi in nemi tsohon nan mai surutu. Na ce sunansa fa? Ya ce ba sai da suna ba, tun daga bakin gari zan jiyo shi.

Bai yi ƙarya ba. Na iske tsohon zaune gindin aduwa yana saran wani itace da gizago, bakinsa na tafiya, ba kowa a gabansa sai akuya. Bakin mutumin nan ba ya da ƙyaure. Kafin in shanye ruwan da aka kawo mini na san wanda jakinsa ya shiga gonar liman, na san matar da ta yi yaji jiya da abin da mijin ya ce mata, na san dattijon da haƙorinsa ke ciwo yana ɓoyewa. Ba mugu ba ne. Magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinsa.

"Baba, ni fa molo na zo nema."

"Yo molon gudu zai yi? Zauna, ɗana. Miƙo hannunka in gani."

Ya jujjuya tafina, ya latsa kan yatsuna inda tsirkiya ta yi musu kanta, ya ce to, makaɗi ne. Sannan ya shiga ɗaki ya yi ta fito da kwamin molo, itacen kawai da aka fafe, ba fata ba wuya. Duk sun yi baƙi da hayaƙi, don a rufin ɗakin girki yake ajiye su shekara da shekaru su bushe. Shi ba ya haɗa molo ya rataye yana jiran mai saye. Sai mai shi ya zo da ƙafarsa ya zaɓi kwaminsa, sannan a haɗa masa. Ya ce in ɗora kowanne a cikina, in ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, in saurara.

Na ƙwanƙwasa har gaɓata ta fara zogi. Na fitar da na fitarwa, saura biyu, a nan na maƙale tun hantsi har la'asar. Ɗaya na bishiyar ɗanya ne, mai nauyi, muryarsa na tasowa daga ƙasa tana daɗewa. Wannan shi ne molon ƙofar gida, wanda in kana wasa ubangidanka za a ji a ƙarshen unguwa. Ɗayan na itacen dashi ne, shafal, muryarsa busasshiya, tana fita tsaf kamar an karya kara. Irin wannan ba ya jiran kowa, mai saurin yatsa yake so, in ka yi kuskure kuma ba ya rufa maka asiri. Na ajiye wannan na ɗauki wancan, na tashi na yi azahar na dawo na sake. Hankalina na ce mini in ɗauki mai nauyin, don da shi zan ci abinci. Cikina kuwa ya riga ya zaɓa, duk lokacin da na ɗora na dashin sai in ji kamar dama can nan ne mazauninsa. Tsohon na ta zuba labarin wani raƙumi da ya faɗa rijiya, amma idonsa na kaina.

"Wanga nake so, Baba."

"Na sani tun ɗazu, wahalar da kanka kawai kake yi. Ubangidanka fa zai ce ba ya da kauri."

"Ba shi zai kaɗa ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya yago kaba ya auna hannuna daga kafaɗa zuwa wuyan hannu ya ƙulla, ya auna taƙina ya sake ƙullawa, ya jefa kabar cikin kwamin. Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa auna ni don a yi mini wani abu ba, ko rigunan da nake sawa daga jikin wani aka cire aka ba ni. Sai da na kau da kai don kada ya ga idona. Ya ce in koma gida in dawo in wata ya tsaya, fatar ƴar akuya zai ja masa wadda ba a jeme ba, ita kuwa ba ta son gaggawa.

Jiran nan bai yi mini daɗi ba. Matata ta ce ko lokacin da nake neman aurenta ban riƙa leƙen wata haka ba. Da na koma na iske shi jingine da bango, ba ado ko ɗaya, tsirkiya uku na izgar doki, wuyan gora ɗan gajere. Na zauna na ɗora shi. Hannuna na hagu ya tafi inda ya saba miƙewa, ya tarar wuyan ya ƙare, ya dawo ya zauna kusa da jikina. Na taɓa. Wayyo Allah! Abin da yatsuna suka daɗe suna faɗa tsohon molo na haɗiyewa, duk ga shi a fili, ɗaya bayan ɗaya. Na kaɗa har inuwa ta juya. Tsohon nan mai bakin nan bai ce uffan ba sai da na tsaya. Kafin in gama ɗaure kayana kuma duk Ɗan Gulbi ta ji cewa ya yi molon da bai taɓa yin irinsa ba, wani gajere daga Dakoro ya yi kuka a kansa.

Rani guda na yi da shi. Ubangidana ya ce ba ya da kauri, kamar yadda aka faɗa, amma da ya ga mutane na tsayawa ƙofar gidansa suna ƙin wucewa, sai ya fara cewa "molonmu". Garin ya san muryarsa. Mata a bakin rijiya in sun jiyo sukan ce gajere ya tashi, Buzaye kan tsayar da raƙuma su saurara daga sama. Na koyi wani hali da ba a san makaɗi da shi ba: da hantsi in zauna ƙofar ɗakina in yi ta kiɗa ba waƙa, ba wanda nake wasawa, ba mai ba ni komai. Tsohuwata ta ce wannan ɓarnar yatsu ce. Kafaɗata ta daina ciwo, har na manta ta taɓa yi.

A lokacin akwai wani annasara likitan dabbobi, shi ke yawon rugage yana yi wa shanu allura. Siriri ne, rana ta ƙona masa wuya ya yi jawur, ya iya Hausa irin ta wanda ya koya a bakin rijiya, a karkace amma ana ganewa. Yana da nasa abin kiɗan, gitar suke ce masa, babba mai tsirkiya shida, wani lokaci da yamma akan jiyo shi daga bariki. Da zafi ya kama aka ce wa'adinsa ya cika, zai koma ƙasarsu. Ubangidana, wanda duk dabbar da ta bi ta hannunsa sai ta bi ta hannun likitan, ya shirya masa walimar ban kwana a ƙofar gida bayan la'asar. Aka gasa rago, aka shimfiɗa dardumai, duk dillalan kasuwa suka zo, har da waɗanda ke jiran ranar da ubangidana zai yi tuntuɓe.

Na kaɗa. Ranar yatsuna ba su yi mini gardama ba ko kaɗan. Ina tsakiyar kiɗa sai na ga annasaran ya tashi daga kujerarsa ya zo ya tsuguna a gabana. Annasara, tsugune gaban makaɗi! Ya ce in ba shi ya gani. Ya karɓa da hannu biyu, ya ƙwanƙwasa kwamin da gaɓar yatsa ya kara kunne, wallahi kamar yana nan ranar da na yi haka a Ɗan Gulbi. Ya tambaye ni inda na samo, na gaya masa yawon da na sha. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce shi ma haka ya yi. Uwarsa ƴar wata ƙasa ce da ke maƙwabtaka da tasu, a can ya bi shagunan masu sassaƙa gitar ɗaya bayan ɗaya har takalminsa ya huje. A ƙarshe shi ma ya maƙale tsakanin biyu, ya ɗauki mara nauyin, mai busasshiyar murya, irin wanda mutanen can ke kaɗa wa masu rawa suna buga ƙafa. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya san wannan tsayuwar tsakanin biyu ba.

Sannan ya miƙe, molona a hannunsa, ya juya wajen ubangidana ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, duk zamansa a ƙasar nan bai ga abin da ya shiga ransa kamar molon nan ba.

A wajenmu ba a yin haka. A ƙofar babban mutum, in baƙo ya yaba abu a bainar jama'a, abin ya zama nasa, in ba haka ba a ce mai gida marowaci ne. Shi ya sa muke yabon mai raƙumi, ba ma yabon raƙumin. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan. Makaɗi kuwa, shi da abin da ke hannunsa, in yana ƙofar ubangidansa, kayan ƙofar ne. Ba wanda zai tsaya tambayar waken wa aka sayar.

Ubangidana ko kallona bai yi ba. Ya kira likitan yadda muke kiran annasara da bakinsu, ya ce, "Mushe, naka ne."

Annasaran ya yi dariya, ya ce a'a, a'a, yana miƙo mini. Na mayar da hannuwana baya. Me zan yi? In karɓa a gaban dillalan nan? Da ya ga ba wasa ba ne sai dariyar ta ɗauke, ya shiga rantse-rantse shi ba haka yake nufi ba. Yana ƙi ana ƙara matsa masa, har wani dattijo ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa mayar da kyauta a nan zagi ne wanda ba ya wankuwa. Ya tsaya riƙe da molon kamar an ba shi jaririn wani. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Ubangidana ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa mini, ta sauko har ƙasa tana sharar turɓaya. Aka aika aka ɗauko tsohon molon kakana aka ɗora mini a cinya. Bakina kuwa, munafuki, ya san aikinsa. Nan take na ƙaga waƙar mai kyautar da ta ƙetare teku, wanda ya ba annasara abin da babu a Faransa. Jama'a suka amshe.

Da abin ya tsaya nan, da na yi kukana na share hawaye. An raba waɗanda suka fi ni da abin da ya fi molo. Amma ana gobe likitan zai tafi, da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa cikin ɗaki har karnuka, sai na ji wata karkatacciyar sallama a ƙofar gidana. Annasaran ne, shi kaɗai, a ƙasa, da buhu a hammata. Ya shigo zaure ya buɗe buhun.

"Naka," in ji shi. "Ni na sani. Mutum ba ya ba da wannan."

Fuskarsa fal murna, irin ta wanda ya yi aikin lada.

Na ce, "Mushe, ka kashe ni."

Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da shi. In aka ji muryar molon nan a Dakoro, an san kyautar ubangidana ta dawo, an san annasara ya ɗauki abin da aka ba shi gaban jama'a ya yar a gidan makaɗi. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya ce ba wanda ya gan shi. Wai ba wanda ya gan shi! Yo ganinsa ake tsoro? Na roƙe shi don Allah ya tafi da shi, ko ba komai a can zai sha kiɗa. Ya ɗauka kunya nake yi. Ya dafa kafaɗata, ya ce ni mutumin kirki ne, ya fita. Washegari kamiyo, babbar motar bariki, ya ɗauke shi, ubangidana na bakin hanya da mutanensa suna ɗaga masa hannu.

Matata ta leƙa buhun, ta dafe ƙirji. Ta ce in sa shi a murhu yanzu-yanzu tun bai cinye mu ba. Na ce sai dai ta fara da ni. Muka nannaɗe shi a tsohuwar tabarma, muka tura ƙarƙashin gado, can jikin bango.

Waƙar nan kuwa ta kama gari. Duk taron da aka yi sai an ce in yi ta molon annasara. Ubangidana ya fi son ta da duk waƙoƙin da aka yi wa gidansu tun kakanni, in ana yi har lumshe ido yake. Dillalan Maraɗi sun ji, na Tawa sun ji. Kullum labarin ƙara ƙiba yake, har aka kai ga cewa a gaban sarkin Faransa ake kaɗa shi yanzu. Ni ko in miƙe hannu a kan molon kakana, kafaɗata na ci, in rera yadda molona ya ƙetare teku, in koma gida in kwanta a kansa.

Na gwada dabara. Na tura tsumma ƙarƙashin tsirkiya na kaɗa a ɗaki, ƙofa a rufe, abin da ya fito ya fi shirun ciwo. Sau ɗaya na sa shi cikin damin kara na kora jaki can arewa da gari, inda ba gona ba bukka, na zauna gindin gawo na gyara tsirkiya. Ban kai ko'ina ba na hango kan wani makiyayi ya ɗago daga bayan shanunsa, can nesa, ya juyo yana saurare. Duk saniyar da ke dajin nan wata rana ta hannun ubangidana za a sayar da ita. Na mayar da shi cikin karan, na koro jakina gida.

Kada wani ya tambaye ni abin da ya hana in ɗauki molona in bar garin. In tafi ina? Da tsohuwata da ƴaƴana, in kai su ƙofar wa? Makaɗin da ya kunyata ubangidansa, labarinsa na riga shi isa duk inda ya nufa, ba mai shimfiɗa masa tabarma. Kuma mutumin nan, duk da abin da ya yi mini, shi ya yi wa ubana sutura. Na ji haushinsa, amma haushin annasaran ya fi. Shi ubangidana abin da aka haife shi a ciki ya yi. Wancan kuwa ya shekara da shekaru yana yawo cikinmu, ya san ciwon kowace saniya, bai san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa a ƙofar mutum ba. Ya ɓata da yabo, ya zo gyarawa ya ƙarasa ni, ya tafi ƙasarsu yana ganin ya yi alheri. Na tabbata har ya tsufa yana ba jikokinsa labarin.

Ubangidana ya yi tsawon rai, Allah ya ji ƙansa. Ya ga ƙarshen mulkin annasara, ya ga jikokinsa sun yi gemu. Kafin a kai shi makwancinsa gara ta daɗe da gamawa da abin da ke cikin tabarmar, yatsuna ma sun sandare. Wannan na haɗiye shi tuntuni. Abin da ya ƙi wucewa a maƙogwarona shi ne zuwan tsohon Ɗan Gulbi.

Bayan daminar farko da tafiyar likitan ne, ranar kasuwa. Ashe al'adarsa ce, duk molon da ya haɗa sai ya bi shi in ya sha damina ɗaya, ya ga yadda fatar ta zauna, ya canja masa tsirkiya. Na gan shi tafe bisa jaki, ya rame, hannunsa na rawa a kan sanda. Tun a kasuwa aka tare shi da labarin, har waƙar an rera masa. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakina, ya zauna ya jingina da bango. Bangon nan ne dai, gadon na bayansa. Matata ta kawo ruwa ta ajiye, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ta ƙi tafiya.

Ya ba ni labarin hanya, da na wanda ya mutu da wadda ta haihu a Ɗan Gulbi. Ya ce ya ajiye gizago, hannu ya ƙi, ranar nan saura kaɗan ya sare gwiwarsa, nawa ne na ƙarshe da ya haɗa. Ina so in ce masa, Baba, tashi mu shiga ɗaki. Maganar ta zo har bakina. Amma na san mutumin. Kafin jakinsa ya fita kasuwa an ji a rumfar ubangidana, ba don mugunta ba, don murna.

Can sai ya dube ni.

"Ɗana, tambaya ɗaya. Annasaran nan, ya iya kiɗa?"

"Ya iya, Baba. Yana da irin nasu."

"Da gaske yake kaɗawa, ko taɓe-taɓe yake?"

"Da gaske."

Ya sauke numfashi, ya shafa fuska.

"To alhamdu lillahi. Tun kasuwa abin ke cin raina. Kai dai an cuce ka, Allah shi saka maka. Ni tsorona kada a ce yana can an ajiye, ba mai taɓa shi. Da na ji haka, wallahi da baƙin ciki ya kashe ni. Tunda ana kaɗa shi, ko a bayan teku ne, na gode Allah."

Ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙunshin fata, ya kwance da hannun nan mai rawa. Tsirkiya uku ne sababbi, na farar izga. Ya ce tun kafin ruwa ya sauka yake murza su kaɗan-kaɗan, ranar da hannun ya yarda.

"Ungo. Ku kuna kusa da bariki. In ka sami mai tafiya ƙasarsu ka ba shi ya kai masa. Ka ce na farkon sun isa canji, ka ce in ji wanda ya yi shi."

Na sa hannu biyu na karɓa. Na ce, "To, Baba, zan aika."